Ƙafar Baba ta tashi, hannu ya ƙi buɗewa

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Tambayarki ta taɓa ni, don mu ma ciwon nan ya shigo mana gida. Kin ce wata 2 ke nan da shanyewar ɓarin jikinsa, yana takawa da sanda, amma hannun dama ya naɗe a ƙirji, yatsu a dunƙule, ko hannun ya mutu ne?

Bai mutu ba, ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jinin da ta fi toshewa ita ce mai shayar da wurin da ke sarrafa hannu da fuska. Wurin ƙafa wata jijiyar ce ke kai masa jini, shi ya sa ƙafa kan riga tashi. Saƙon motsa yatsu kuma hanyarsa guda ce daga saman ƙwaƙwalwa zuwa laka. In ta lalace, sai saƙon ya koma bin wata hanya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba ta iya ware tsoka ɗaya, a tare take kiransu, kuma ƙarfinta ya fi wajen lanƙwasawa. Masu bincike a Jami'ar Northwestern da ke Amurka sun auna wannan: iya nauyin da kafaɗa ta ɗaga, iya yadda gwiwar hannu da yatsu ke naɗewa. Da aka tallafe nauyin hannun, sai miƙawa ta ƙaru.

To ku zaunar da shi gaban tebur, hannun a kan tsumma, ya riƙa turawa gaba yana dawowa, kullum, da yawa.

Amma don Allah ku kula da kafaɗar nan! Abin da ke ƙona min rai ke nan. Tsokar da ke riƙe kan ƙashi a gurbinsa ta saki, sai wani ya zo dubiya ya finciko hannun wai zai tayar da shi, ko mai tausa ya riƙa ɓanɓare yatsu da ƙarfi, dattijo yana hawaye ana cewa ya daure. Fizga ƙara ƙage tsoka take yi, kafaɗa ta zame, ciwo ya hana shi barci, daga nan ya tsani atisayen gaba ɗaya. A ƙugu ake kama shi, ba a hamata ba. A buɗe yatsu a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa 30. Filo a ƙarƙashin hannun in ya zauna. Wajen sa riga a fara da hannun mai ciwo. Ruwan zafi kuwa ku fara taɓawa da kanku, fatarsa za ta iya ƙonewa bai ji ba.

Za ki ji ana cewa a rufe lafiyayyen hannun don ya koyi aiki da ɗayan. An gwada a Amurka kan mutum 222, sakamakon ya fito a 2006, ya yi amfani, amma ga waɗanda ke iya ɗan ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu ne kawai. In babu wannan, takaici za ku ƙara masa.

Wata 3 na farko sauƙi ya fi gudu, kada ku tsaya jira. Tunda kuna Gombe, ku kai shi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya. Maganin hawan jini kuma kada a ajiye don an ga ya miƙe. Ki duba min yau, in aka ɗora hannun a tebur, ko yatsa ɗaya yana buɗewa da kansa?