Amsa: Sunan injin niƙa da Turancin Ingilishi

Malam, ka ce za ka Kano neman kayan gyara, kuma kana son sunan injin niƙa da Ingilishi, tunda mu nan Maradi moulin na Faransanci muka sani.

Kalmar ita ce mill, amma kada ka faɗe ta ita kaɗai, don tana da faɗi. Masaƙa ma textile mill ake ce mata, wurin casar shinkafa rice mill. A kasuwa ka ce grinding machine, shi ne ya fi yawo a bakin mutanen Najeriya.

Inda ya kamata ka kula shi ne irin injin naka. In mai faranti biyu na ƙarfe ne, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa yana murƙushe gero a tsakani, sunansa plate mill. Shi ne na unguwa, wanda ke karɓar jiƙaƙƙen wake na ƙosai da gasarar koko. In kuwa ƙarafa ne ke juyawa a ciki suna dukan hatsi har gari ya fita ta rariya, wannan hammer mill ne, busasshen hatsi kawai yake so, kuma girman hudar rariyar ke sa gari ya yi laushi ko tsaki. Kayan ɗaya ba ya shiga ɗaya.

Shawarata, tun kafin ka kama hanyar Ɗan Isa da Jibiya, kwance tsohon farantin ka sa a buhu. Mai shago ya auna da nasa, don galibinsu Hausa za su yi maka.