Filasko: inda yake so, da wanda bai kamata ya sha ba

Wani manomi daga Keita ya aiko da tambaya: matansa na tsinto filasko a daji suna kai wa kasuwa, amma yana ƙaranci. Ko za a iya shuka shi a gona?

Malam, ana iyawa. Filasko tsiro ne mai daɗewa. Da rani samansa kan bushe, amma saiwarsa na raye can cikin ƙasa, ruwan farko na sauka ya toho, ya fitar da fure rawaya, daga baya kwanso mai faɗi da ɗan lanƙwasa. Jigawa yake so ko ƙasa mai tsakuwa, irin wadda ta cika Adar, da rana sosai. Kada ka kai shi fadama ko cikin tassa, wato ramukan da ake haƙawa a gona don tara ruwan sama, don ruwa in ya kwanta saiwar ruɓewa take yi. Ba shi gefen gona inda hatsi ba ya kyau.

Irinsa na da tauri. Ka goga shi kaɗan a kan dutse, ko ka zuba masa ruwan zafi ya kwana, sannan ka shuka a Yuli in ƙasa ta jiƙe, taku guda tsakanin rami da rami. Ƙarancin da kake gani kuwa, tumɓuke shi da ake yi na cikin dalilansa. A yanki ganye a bar tushe, a shanya a inuwa har ya bushe yana kore.

Wata hajiya a Tawa ta ce ƴarta mai juna biyu na fama da taurin bayan gida, ko ta jiƙa mata?

Hajiya, don Allah kada ki ba ta. Gaskiya ne ganyen da kwanson na wanke ciki, domin sinadarin da ke cikinsu yana motsa babban hanji. Sai bayan awa 6 zuwa 12 yake aiki, shi ya sa masu gaggawa ke ƙara sha, su kwana da murɗa da zawo har jiki ya rasa ruwa. Mai ciki, da ƙaramin yaro, da mai ciwon cikin da ba a san sanadinsa ba, duk ba nasu ba ne. Babba mai lafiya ma kada ya wuce mako guda yana sha. Ƴarki ta yawaita ruwa da miyar ganye, ta kuma faɗa wa ungozoma in ta je awo.