Tazara nawa zan bari idan zan huda ƙarƙashin titi?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. An ba ni aikin tsallakar da bututun roba mai faɗin santimita 20 ta ƙarƙashin titi ba tare da an fasa kwalta ba. Zanen da aka ba ni ya nuna akwai bututun ruwa da kebul na lantarki da bututun gas a gabana. Mai injin ya ce in kwantar da hankalina, zai bi ta ƙarƙashinsu duka, amma hankalin nawa ya ƙi kwanciya. Tazara nawa ya kamata a bari?

Amsa: Malam, da gaskiyarka da hankalinka bai kwanta ba. Tazarar ta danganta da dokar wurin da kake aiki da sharaɗin mai kowane layi, don haka ka karɓe ta a rubuce daga hannunsu. Mafi ƙanƙantar tazarar da aka fi sani a wurin giciye ita ce santimita 30, wato inci 12, kuma ita ce dokar tarayyar Amurka ta gindaya wa manyan bututun gas. Tsakanin ruwan sha da bututun ƙazanta abin ya fi tsanani: ƙa'idar da jihohi da yawa na Amurka ke bi ta ce inci 18 idan sun gicciya, ƙafa 10 idan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Duk waɗannan lambobi an tsara su ne da tunanin ramin da ake gani da ido. Ni a aikin huda ba na yarda da ƙasa da santimita 60, kusa da gas ko babban kebul kuwa mita guda nake nema.

Sannan a san daga inda ake aunawa. Injin yakan fara yin ƙaramar huda a tafiya, a dawowa sai a sa masa bakin da ke faɗaɗa ramin; faɗin wannan bakin yakan kai ninki ɗaya da rabi na faɗin bututu, wato naka zai kai santimita 30. Idan tsakiyar hudar farko ta wuce da tazarar santimita 30, to a dawowa rabin tazarar ya tafi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan magana ta mai injin, domin kusan kullum sai na ji ta: wai zane ya nuna zurfin mita ɗaya, mu bi ta mita biyu, shi ke nan. Wa ya auna wannan zurfin, kuma yaushe? Ana ƙara wa titi kwalta, ana cike shi, ana kankare shi. Masu shimfiɗa bututu kan ci karo da dutse su nutsa ƙasa ko su karkace, ba wanda ya koma ya gyara zanen. Na'urar gano layi ma kimanta zurfi take yi, tana rikicewa inda wayoyi suka cunkushe, bututun roba marar wayar alama, wato wayar da ake binnewa tare da shi don na'ura ta gane shi, kuwa ba ta jin sa ko kaɗan. Na sha tsayawa a bakin rami ina kallon bututu a nesa da fentin da aka shafa masa a kwalta.

A watan Fabrairun 2013, a birnin Kansas na Amurka, masu huda ƙasa don shimfiɗa kebul sun fasa bututun gas, gas ɗin ya shiga wani gidan abinci ya fashe, mutum ɗaya ya rasu, wasu da dama suka jikkata.

Saboda haka kada injin ya motsa sai an tona ramin gwaji a kan kowane giciye, da hannu ko da injin zuƙar ƙasa, an ga layin, an auna samansa da ƙasansa, an kuma zurfafa ramin har zuwa inda hudar za ta bi. A tsayar da mutum a bakin ramin ya ga wucewar kan injin a tafiya da dawowa. Layin da zane ya nuna amma aka tona ba a same shi ba, a dakatar da aiki a kira mai shi ya zo ya nuna inda yake.