Fentin Ruwan Madara Ya Koma Rawaya da Dare

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sa an yi wa falona fenti ruwan madara, saboda fari tas yana kashe mini ido. A katin launuka ya burge ni ƙwarai, amma da ya bushe a bango sai ya koma rawaya, musamman da dare idan an kunna fitila. Yanzu ɗakunan kwana ne suka rage. Mai fenti ne ya kuskure haɗi, ko ni ce ban iya zaɓe ba?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina kyautata zaton babu laifin mai fenti, ke ma babu naki. Hasken falon ne ba a yi shawara da shi ba.

Ruwan madara asalinsa farin fenti ne da aka ɗiga wa rawaya da ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan ja ko baƙi. A kan kati, wanda bai kai tafin hannu ba, wannan sirkin yana ɓuya, amma idan ya mamaye bango huɗu, kowane bango yana mayar wa ɗan'uwansa haske, sai rawayar ta ƙara fitowa. Ƙwan fitila kuma ya zo ya ɗora nasa. Ki duba lambar da ke jikin ƙwan ko kwalinsa: idan 2700K ce, haskensa da kansa yana da rawaya, idan kuwa 6500K ce, yana karkata zuwa shuɗi, har ya sa bangon ya yi fari-fari kamar toka. Kafin ki yi tunanin sake fenti, ki gwada ƙwai mai 3500K ko 4000K. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

Game da ɗakunan da suka rage, kada ki sake yanke hukunci a kan kati. Ki ɗora shi a kan farar takarda tukuna, domin a gefen fari na ainihi ne sirkin yake tona kansa. Sannan ki sami ƙaramin gwangwani na launi biyu ko uku, a shafa kowanne sau biyu a kan faffaɗan allo, a bari ya bushe sarai, tunda ɗanyen fenti ba ya nuna launinsa na gaskiya. Ki jingina allon kusa da tayil da labule, ki dube shi da safe, da tsakar rana, da kuma bayan an kunna fitila, har kwana biyu. Ɗakin da tagarsa ke fuskantar yamma ya fi bukatar wannan haƙuri, domin ranar la'asar tana ƙara wa bango ja. A ganina, idan launi biyu suka yi miki kunnen doki, wanda ya fi haske ya kamata ki ɗauka, saboda a bango zai ƙara kauri.

Silin kuwa a bar shi fari, ko a yi masa wanda ya fi bangon haske. Ƙofofi da firam ɗin taga su ne wurin lura: fentin mai yana rinewa zuwa rawaya da daɗewa, musamman inda rana ba ta shiga, don haka na ruwa ya fi dacewa da irin wannan launi. Ranar aiki kuma ki ce wa mai fentin ya juye duk bokitan ɗaki guda a mazubi ɗaya ya gauraya kafin ya ɗauki rola, domin ko lambarsu ɗaya, akan sami ɗan bambanci tsakanin bokiti da bokiti, kuma a tsakiyar bango yake bayyana.