Amsa: Ƙarfe zai iya maye gurbin tirifsin wajen yanka furotin?

Malam, ka ce tirifsin, wato inzayim ɗin da aka saba yanka furotin da shi, na daddatsa maka furotin ƙanana-ƙanana, kana tambaya ko inzayim na ƙarfe da aka haɗa a ɗakin gwaji zai ba ka manyan gutsattsari. Zai iya. Furotin sarƙa ce ta amino asid, tirifsin kuma yana yanka bayan kusan kowane laisin da arjinin daga cikinsu, su kuwa suna da yawa a furotin, shi ya sa kake samun ɓarɓashi. Haɗin ƙarfen faladiyam da masani Nenad Kostic ya yi aiki a kai a Amurka yana kama amino asid metiyonin ko histidin, sannan ya yanke mahaɗin sarƙar na biyu kafin wurin da ya kama. Na zirkoniyam da Tatjana Parac-Vogt ke nazari a Jami'ar Leuven ta Beljiyam ya fi son yanka a gefen amino asid asfartet. Ƙarfen yana janyo lantarkin mahaɗin ne, ruwa ya samu damar tsinka shi. Mahaɗin nan fa, in an bar shi cikin ruwa kawai, sai ya shekara ɗaruruwa bai tsinke ba.

Sharaɗin dai haƙuri. Lokacin da na gwada na zirkoniyam, sai da na bar samfurina a zafin digiri 60 har kwana uku kafin layukan gutsattsarin furotin suka fito sosai a jel ɗin da ake rarrabe su bisa girma, alhali tirifsin dare ɗaya ya ishe shi a digiri 37. Duba jerin amino asid ɗinka tukuna: in asfartet ya cika shi, faladiyam za ka nema.