Puma da Dabbobin Makiyayan Amurka

Malam, ka tambayi yadda Turawan da suka fara kafa gonaki a yammacin Amurka suka yi da puma, wato zakin dutse, mai kashe musu tumaki da 'yan maruƙa.

Da karnuka suke bin sawunsa har ya haye bishiya, sannan su harbe shi. Jihar Kalifoniya ma ta riƙa biyan lada kan kowane puma da aka kashe daga 1907 zuwa 1963.

Abin da ya fi cutar da makiyayan shi ne barin garke a fili da dare. Puma yakan cafki wuyan tunkiya, ya ja ta cikin duhuwa, ya lulluɓe da ganye, gobe ya dawo. Garke mai rufi da kare mai gadi sun fi bindiga amfani.

Idan kana kiwo a can, kada ka harbe shi da kanka. Fara sanar da jami'an kula da namun daji, domin doka ta canza.