Tambaya da Amsa: Ɗana na son in sayar da filina don ya sayi gida a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bazawara ce mazauniyar Aboabo a nan Kumasi. Ɗana na fari yana aikin kula da tsofaffi a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok, shi da matarsa da 'ya'yansu suna gidan haya. Yanzu ya ce yana son sayen gida, ya kuma roƙe ni in sayar da filin da mahaifinsu ya bar mini don in taimaka masa da kafin alƙalami. Na ji ana cewa gwamnatin can tana tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da ba su taɓa mallakar gida ba. Shin gaskiya ne, kuma in sayar da filin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan maigida. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma shawarata ita ce kada ki taɓa filin nan sai ɗanki ya kawo miki lissafi a rubuce, domin mai yiwuwa ne abin da yake buƙata daga gare ki bai kai kuɗin fili ba.

Mai sayen gida da lamunin banki a Amurka kuɗi iri biyu yake fitarwa daga aljihunsa. Na farko shi ne kafin alƙalami, wato kason farashin gidan da yake biya da kansa. Mutanenmu da yawa suna zaton dole ne ya kai kashi 20 cikin 100, alhali lamunin da hukumar gidaje ta FHA ke tsaya wa, wadda aka kafa tun 1934, yana karɓar kashi 3.5 kacal daga wanda makinsa na biyan bashi, wato makin da ake ba mutum gwargwadon yadda ya saba biyan basussukansa, ya kai 580. Akwai kuma tsare-tsaren HomeReady da Home Possible masu karɓar kashi 3 daga waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce kashi 80 na matsakaicin abin da mutanen yankinsu ke samu ba. Na biyu, wanda shi ne ke shammatar mutane, kuɗin kammala ciniki ne: ladan lauya, na mai ƙiyasta darajar gida, inshorar takardun mallaka, haraji, da kuɗin da bankin ke karɓa na haɗa lamunin. Waɗannan sukan kama daga kashi 2 zuwa 5. Idan muka ɗauki misalin gida na dala 400,000, kafin alƙalamin FHA zai zama dala 14,000, kuɗin kammalawa kuma tsakanin dala 8,000 da 20,000. Saboda haka wanda ya tara dala 14,000 ya ɗauka ya gama, da sauran tafiya a gabansa.

A nan ne tallafin yake shigowa. Gwamnatin tarayya tana ba jihohi da birane kuɗi ta shirin HOME da aka kafa a 1990, su kuma suna raba wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi, baya ga abin da hukumomin gidaje na jihohi ke bayarwa. A birnin da ɗanki yake akwai shirin HomeFirst, wanda ke iya ba mutum har dala 100,000 don kafin alƙalami ko kuɗin kammalawa. Sharaɗi ne ya halarci darasin sayen gida a wata cibiyar ba da shawara da hukuma ta amince da ita, ya kuma zuba wani kaso daga guminsa. A ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta HUD, wanda bai mallaki gidan da yake zaune a ciki ba a shekaru 3 da suka wuce ana ɗaukarsa mai sayen farko. Idan yana da wata kadara a nan Gana, ya faɗa wa mai ba shi shawara tun ranar farko, kada ya ɓoye.

Abin da nake so ki tsaya a kansa, Hajiya, shi ne yawancin wannan tallafi bashi ne mai sharaɗi. Wani ana yafe shi bayan wasu shekaru, wani kuwa ana jinkirta biyansa har ranar da aka sayar da gidan. A tsarin HomeFirst sai mutum ya zauna a gidan shekara 10 idan abin da ya karɓa bai wuce dala 40,000 ba, shekara 15 kuma idan ya haura haka. Na daɗe ina ganin yadda matasan zangonmu ke tafiya da niyyar yin 'yan shekaru su dawo su gina nasu a Kumasi. Idan ɗanki yana cikin masu wannan niyya, ya sani cewa barin gidan kafin wa'adi, ko sayar da shi, ko zuba 'yan haya ya koma wani wuri, zai sa a nemi ya biya kuɗin. Wannan magana ce da ya kamata ku zauna ku yi ta da shi da matarsa kafin kowa ya sa hannu a takarda.

Idan bayan lissafi ya rage wani giɓi da kike son cikewa, ƙa'ida ta yarda iyaye su ba ɗansu kyauta, amma bankin zai nemi wasiƙa mai sa hannunki da ke cewa kyauta ce ba rance ba, tare da shaidar inda kuɗin ya fito. Ki tura ta banki, ki adana kowace takarda. Kuɗin da aka ba matafiyi ya kai da hannu, ko kuɗin adashin da aka zuba a asusu babu bayani, yana iya tsayar da cinikin gaba ɗaya, domin bankuna suna bin bayanan asusun mai nema na watannin baya layi-layi. Ɗanki kuma ya sani cewa daga watan Mayu na 2025 FHA ta daina karɓar waɗanda ba su da izinin zama na dindindin. Game da kuɗin ruwa, wanda na san zai dame ki, akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da ke sayen gida ta hanyar musharaka, inda mutum ke sayen kason kamfanin sannu a hankali. Ya tambaye su ko tsarinsu yana haɗuwa da tallafin birnin, ya kuma nemi fatawar malamin da ya yarda da shi. Takardar da za ki ce ya aiko miki ita ce ƙiyasin lamuni, wadda doka ta wajabta wa banki ya ba shi cikin kwanakin aiki 3 bayan ya cike neman lamunin. A cikinta za ki ga jimillar kuɗin da zai kawo ranar kammalawa.

Tambaya: Ni malamin makarantar gwamnati ne a Asawase. Na gaji da biyan hayar shekara biyu a dunƙule. Akwai irin wannan taimako a nan Gana?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a aikinka. Kukanka na mutane da yawa ne, domin Dokar Haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da hayar wata 6 a gaba, amma masu gidaje ba sa bin ta. Hanyar da ta fi kusa da kai ita ce fanshonka. Dokar Fansho ta 2008, mai lamba 766, ta ba ma'aikaci damar jingina abin da ya tara a mataki na biyu na tsarin fansho don samun lamunin gidan da zai zauna a ciki, kuma wannan yana iya rufe giɓin kafin alƙalamin da bankunanmu ke nema, wanda galibi yakan kai kashi 20. Akwai kuma asusun mallakar gida na ƙasa da gwamnati ta fara gwajinsa a 2018, wanda ya yi aiki da bankunan GCB, Republic da Stanbic don ba ma'aikata lamuni a sidi da ruwa mai sauƙi, tare da tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka. Ka je bankin da albashinka ke shiga ka tambayi abin da yake buɗe a yanzu, kuma ina ba ka shawarar guje wa lamunin dala muddin albashinka a sidi ne.

Kuɗin kammala ciniki a nan kai za ka tanade shi: harajin hatimi, ladan lauya, na mai ƙiyasin daraja, da kuɗin bincike a Hukumar Filaye. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya hana sayar da su saye na har abada, don haka abin da za ka samu haya ce ta dogon wa'adi. Kafin ka ba kowa ko sidi ɗaya, ka sa lauya ya duba yawan shekarun da suka rage a takardar, ya kuma tabbatar da ita a Hukumar Filaye da ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Asante, da ke Manhyia.